Wa Ya Kwashe Ruwan Karafan?

Ƙarfe huɗu na yamma aka buga wa Sufeto Mish'al waya cewa an yi sata a wani sansanin shaƙatawa da ke kan duwatsun Hada, a hanyar Ɗa'if. Ya tambayi abin da aka sace, aka ce ruwa. Ya ɗauka kunnensa ne, ya sake tambaya, aka ce ruwa dai, lita ɗari da hamsin.

Shekara goma sha bakwai yana aikin ɗan sanda a Makka. Ya kama masu yankan aljihu, ya kama masu jabun takardu, amma ɓarawon ruwa bai taɓa shigowa hannunsa ba. Ya sa hula ya kama hanya yana mita.

Sansanin ba wani abu ba ne illa fili mai tsakuwa da ƙaya, da ɗan masallaci na kwano, da ɗakin mai gadi. Babu famfo, babu wutar lantarki. Duk wanda ya zo, da ruwansa yake zuwa, ranar da ya ƙare kuma sai ya tattara ya sauka. Masu hali ne suka ƙirƙiro wannan wahala suka sa mata suna hutu.

Mai ƙara shi ne Majid, ɗan unguwar Rusaifa ta Makka mai shagon wayoyi, wanda bai daɗe da sayen karafan ba, wato motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Da safe ya iso da matarsa Nuf da mahaifiyarsa Hajiya Rakiya, za su yi kwana biyar. Bayan azahar shi da Nuf suka hau dutse ɗaukar hoto, suka bar tsohuwa tana ƙailula. Da suka dawo ya murɗa famfon kicin, famfo ya yi tari ya yi shiru.

"Mai gadin nan ne, wallahi ba wani ba," in ji Majid. "Na riga na kira mai wurin. Ya ce in magariba ta yi bai fito da ruwan ba, ya sallame shi."

Mai gadin, Sabo, dattijo ne da ya zo daga Chadi, shekara goma sha biyu yana wannan aiki. Takardar zamansa a ƙasar tana rataye da aikin, don haka sallama a wurinsa ba ƙaramin abu ba ce. Yana tsaye gefe ya sunkuyar da kai, har Sufeto ya ji tausayinsa.

Sufeto ya durƙusa ƙarƙashin motar inda ake zuƙe tanki. Ba a fasa komai ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ƙasar wurin a bushe take ƙamas, ga kuma zagayayyen sawun faranti a kan yashi. Wanda ya yi aikin ya tara faranti ne don kada ko ɗigo ya taɓa ƙasa.

Nuf ta ce ita birai take zargi, domin tun safe suke zagaya motar. Sufeto ya ce ya san biran Hada farin sani, suna sace ayaba har da wayar hannu, amma bai taɓa ganin wanda ya zo da faranti ba.

A cikin motar ya tarar an ɗaure ƙofar banɗaki da ɗankwali, ƙulli uku.

"Wa ya ɗaure?"

"Lalacewa ya yi," in ji Nuf, tana kallon silin.

"Sabuwar mota?"

Ta ci gaba da kallon silin. Hajiya Rakiya kuwa tana kishingiɗe a kan gado tana jan carbi. Ta ce ita barci ta yi, irin barcin da ko kiran la'asar ba ta ji ba. Sufeto ya lura ita kaɗai ce a sansanin ba ta damu da ɓatan ruwan ba.

Daga nan ya tafi ɗakin Sabo. Shi ma ya ce barci ya yi. Sufeto ya ce lallai yau barci ya yi araha a kan dutsen nan. Ya nuna masa sawun baro da aka share da tsintsiya, daga motar zuwa masallaci. Sabo ya ce shi dai bai sata ba, kuma fiye da haka ba zai iya faɗa ba. Sai ya zuba wa baƙonsa shayi, kamar yadda aka saba.

Sufeto ya kurɓa, ya dakata, ya sake kurɓa. A unguwar Misfala, cikin garin Makka, aka haife shi, da wannan ruwan aka yaye shi, ko a cikin shayi ba zai ɓace masa ba.

"Malam Sabo, a ina ka ɗebo ruwan shayin nan?"

"A tankin sha na masallaci, ranka ya daɗe."

Tankin da matafiya ke sha cike yake har wuya, alhali tankar ruwa ba ta hawo ba tun makon jiya. Sufeto ya koma ya ja Majid gefe, ya tambaye shi wane ruwa ya zuba a motarsa. Majid ya ce ruwa ne kawai. Sufeto ya zuba masa ido har ya fara sosa ƙeya.

Ashe Zamzam ne. Tsohuwa ta ce ba za ta bi su daji ba, domin shekara arba'in ba ta sha wani ruwa sai shi. Majid ya yi wata biyu yana tara jarkoki, ya cika tanki taf, ya yi mata albishir. Bai faɗa wa ɗan sanda ba ne don yana tsoron a yi masa dariya a ofis, kuma da gaskiyarsa.

"Tanki nawa ke cikin motar?"

"Na ruwa mai kyau ɗaya ne."

"Kicin daga ina yake sha?"

"Daga shi."

"Banɗakin fa?"

Majid ya dafe kai ya hau salati.

Sufeto ya cire takalmi ya shiga wurin Hajiya, ya zauna a ƙasa kamar ɗan gida. Ya ce da ita in magariba ta yi, Sabo ya rasa aikinsa. Carbin ya tsaya a hannunta. Ashe ba wanda ya gaya mata an kira mai wurin.

"Ni ce," ta ce. "Na shiga kewaye na taka abin nan, ruwa ya zubo. Na tambayi Nuf daga ina yake zuwa, ta ce duk tanki ɗaya ne. Sau ɗaya na taka, ɗana, amma tun ɗazu nake istigfari. Ruwan da mutane ke ƙetaro teku don su sami kurɓi ɗaya, shi yaron nan ya haɗa da masai."

Ta ce ta san ɗanta, in ta yi magana zai ɗauko littafin motar ya yi ta bayani har ruwan ya ƙare. Shi ya sa ta jira suka fita, ta kira Sabo da baronsa, sawu takwas, ita ke riƙe da faranti. Ita ta sa shi ya rantse ba zai ambaci sunanta ba.

Majid ya kira mai wurin a gaban kowa ya janye maganarsa, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce da Sufeto a kashe maganar, halas, shi ke nan. Hajiya ta ce ba ta yarda ba. Ta yi laifi, a kai ta ofis, kuma ta ji an ce ofishin ba shi da nisa da gidanta. Ta ɗauki jakarta, wadda ashe tun ɗazu a ɗaure take, ta shiga gaban motar 'yan sanda ta ce a ƙara mata sanyi. Nuf ta ce bai dace a bar tsohuwa ita kaɗai a hannun hukuma ba, ta shige baya.

Majid ya rage shi da karafan ɗinsa da maƙogwaro a bushe. Ya daɗe yana kewaya motar kafin ya taka zuwa ƙofar mutumin da ya kira ɓarawo, ya yi sallama. Sabo ya fito ya dube shi, ya koma ciki ya ɗauko kofi.

"Zauna tukuna," ya ce. "Ka fuskanci alƙibla, ka yi bismillah. Na sha ne kawai."