Gidan da Aka Bari

"Ka ce me?" Auta ta ajiye jakarta a kan benci ta dube shi.

"Na ce gidanku ba zai tafi ba," in ji Safiyo, yana murmushi irin na wanda ya ɓoye kyauta a aljihu. "Na gyara layin."

A bayan makarantar da take koyarwa suke tsaye, inda suka saba haɗuwa in an tashi yara. Yana da sunansa na yanka, amma tun ranar da hukumar tsara birni ta turo shi unguwarsu da na'urar awo mai ƙafa uku, kowa Safiyo yake ce masa. Ya zo auna inda sabon titi zai bi, ya ga 'yar mai gyaran rediyo tana tsallake kwata, shi ke nan lissafi ya rikice.

"Yaya ka gyara shi?"

"Taku goma sha biyu na karkatar da shi yamma. A taswira ko faɗin farce bai kai ba. Na rubuta akwai bututun ruwa a ƙarƙashin gidanku... kuma akwai ɗin, ya dai daɗe da mutuwa. Jiya aka sa hannu."

"Yamma..." ta ce a hankali. "Wa ke yamma da mu?"

Ya sosa ƙeya. "Tela. Da tsohuwar nan mai wanki."

"Da suna cikin layin?"

"Da katangarsu kawai za a ci. Yanzu... gaba ɗaya. Amma za a ba su fili a bayan gari kamar kowa, zuciyata. Na ɗauka za ki yi murna."

Ta yi ƙoƙari. Fuskar ce ta ƙi.

Babanta shi ne shugaban ƙungiyar unguwa. Shekara talatin yana gyaran rediyo a shagon ƙofar gida, yana gyara wa duniya zamanta a kyauta. Bai yarda da duk hukuncin da aka yanke a ofishin da ba zai iya takawa da ƙafa ba. 'Yan siyasa kuwa, a wurinsa duk uwarsu ɗaya, launin hula ne ya bambanta su. Wayar hannu ya kira ta annoba: mutum ya san abin da aka ci a wata nahiya, bai san maƙwabcinsa na fama da zazzaɓi ba. Da maganar titi ta taso, shi ya bi gida arba'in da ɗaya da takarda mai layi ɗaya: ko mu zauna tare, ko mu tashi tare. Sa hannunsa ne na farko, da manyan baƙaƙe.

Ranar Asabar ma'aikata suka zo da bokitin jan fenti. Suka fara daga bakin kasuwa, kowane bango su zana masa gicciye su wuce. Unguwa ta fito tana kallo kamar ana wucewa da gawa. Suka shafa wa gidan mai wanki, suka shafa wa na Tela. Da suka zo gidan mai gyaran rediyo, mai buroshin ya duba takarda, ya dubi bangon, ya tsallake.

Baba har ya ɗaga hannu zai ce masa ya manta da nasa bangon.

Tela ne ya riga shi. "Shugaba, barka. Ashe suruki ya yi rana."

Ba wanda ya yi dariya. Auta na tsaye a bakin ƙofa ta ga Inna mai wanki, wadda ta goya ta tun rasuwar mahaifiyarta, ta dube ta sau ɗaya, ta ja gyale ta shige.

Kwana uku ba wanda ya kawo rediyo. Gaisuwar da kan kai minti goma ta koma ɗaga hannu daga nesa. Baba yana zaune cikin wayoyinsa yana kwance wata rediyon da lafiyarta lau.

"Kin sani?" ya tambayi Auta ba tare da ya ɗago ba.

"Tun waccan Talatar, Baba."

"Kika yi shiru."

"Na rasa ta inda zan fara..."

"Yaron yana son ki, wannan ba shakka. Har ƙarya ya yi miki a takardar gwamnati. Ni ban taɓa yi wa uwarki wannan hidimar ba." Ya ajiye sukudireba. "Sun koya masa awo da kyau. Ya auna bango, ya auna tsakar gida, ya ɗauka ya auna gida."

Da la'asar Safiyo ya zo, ya durƙusa a ƙofar shago, gwiwar wandonsa mai guga cikin ƙura.

"Ka mayar da layin inda ka same shi," in ji Baba.

"Baba, an buga hatimi. In na ce ƙarya na yi, korata za a yi, layin kuma ba zai motsa ba. An riga an ba ɗan kwangila."

"Wato karkatarwa kaɗai ake iyawa a ofishinku."

"Don in kare ku na yi, wallahi."

"Ka kare ni kam. Ko sallama ba ta isowa gare ni yanzu." Baba ya miƙe da ƙyar, ya dafa tebur. "Ni dai na sa hannu. Ranar da za su tashi zan tashi."

"Ba ku da fili a can, Baba. Wanda aka rushe wa kaɗai ake ba."

"Ɗaki ɗaya ba zai gagara ba."

Auta ta bi Safiyo har bakin layi. Ya juyo idonsa ja.

"Ki yi masa magana, Autata. Mu yi aurenmu, mu zauna a nan da shi. Titi zai bi ta ƙofar shagonsa, ciniki zai ninka. Mutanen nan cikin shekara sun manta."

"Ba ka san su ba. Har yau ana maganar wanda ya ari tsani bai mayar ba, kuma ya rasu tun ina firamare."

"To ki bar shi ya je, ke ki zauna."

"Idonsa ɗaya ya soma mutuwa. Ni ke zura masa waya a ƙananan ramuka, ba wanda ya sani. Wa zai yi masa a can? Tela?"

"Ni fa?" ya ce. "Ni wa zai..."

Ta juya ta koma gida.

An tashi ranar wata Litinin da hantsi. Hukuma ta aiko manyan motoci huɗu da mai ɗaukar hoto, saboda a nuna an yi abin cikin mutunci. Baba ya kulle gidan da ba wanda ya ce ya bari, ya hau motar ƙarshe da akwatin kayan aikinsa a cinya. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya miƙa masa hannu.

Safiyo na tsaye jikin bangon nan fari tas, shi kaɗai a cikin jajaye.

"Don ke na yi," ya ce.

"Na sani, masoyina. Shi ya sa ba zan iya ba." Hawayen da ta riƙe mako biyu suka zubo. "Da don wani abu ka yi, da na zage ka na huce. Amma duk safiyar da na buɗe ƙofar nan zan ga kwalta a inda Inna take shanya, in ce saboda ni ne."

"In na jira?"

"Kada ka jira. Ka dai... in aka sake tura ka wata unguwa, ka tambayi wa ke yamma."

Direba ya danna hon. Ta kama ƙarfen motar ta hau. Ciki cike yake da katifu da tukwane da mutanen da suka san ta tun tana rarrafe, kowa ya sami wani abin kallo daban. Ta tsaya riƙe da ƙarfe, ba wurin zama.

Motar ta motsa. Ba ta waiwaya ba, don ta san yana nan.

Sai da suka wuce kasuwa Inna mai wanki, ba tare da ta dube ta ba, ta janye ƙullin kayanta kaɗan.

"Zauna," ta ce. "Kya faɗi."