Makiyayin Gwanki a Gidan Zu

Ku matso. Ummita, kashe fitilar wayar nan, kina haske min ido. Kai kuma Bishir, in ka san dariya za ka yi min, tashi tun yanzu ka ba mutane wuri. Kun ishe ni da "Yaya Lantana, ba mu labarin aljanu." To yau zan ba ku, amma ba irin na jita-jita ba. Wannan na gidanmu ne. A kan Babana ya faru, Kawunku Nomau.

Kuma ku daina zaton sai da duhu suke fitowa. Wannan da rana tsaka aka yi shi, ranar Juma'a, ana tsakiyar bazara. Ina da shekara tara a lokacin.

Kun san Baba a gidan zu yake aiki. Abin da ba ku sani ba, kafin nan maharbi ne, kuma ba ƙarami ba. Wata rana ya harbe macen gwanki a dajin yamma da garinmu. Gwanki, Ummita, ba barewa ba. Ya kusa doki girma, da ƙaho lanƙwashe ta baya, fuska baƙi da fari. Da ya je ɗaukar nama sai ya tarar da 'yarta tsaye a kan gawar, ko cibiyarta ba ta bushe ba. Ba ta gudu ba. Ta zo tana tsotsar masa yatsa.

Daga ranar ya rataye bindiga. Ya saɓo 'yar a kafaɗa ya kai ta gidan zu, su kuma suka ce tunda kai ka kawo, sai ka zauna ka raine ta. Da bulunboti ya shayar da ita, kamar jaririya. Ya sa mata suna Kyalla.

Shekara shida ke nan kafin abin da zan faɗa muku. A cikin shekarun nan dajin ya ƙare. Masu gawayi suka cinye itatuwa, masu gona suka cinye sauran. Likitan dabbobin gidan ya yi yawo wata biyu yana neman ko da sawun gwanki ne, ya dawo hannu biyu. Namiji ɗaya da ake da shi a gidan ya mutu da damina. Amma ya bar Kyalla da ciki. Wato duk gwankin ƙasarmu, kaf, yana cikin keji ɗaya, a jikin dabba ɗaya. Kun gane? In ta mutu, shi ke nan an rufe.

Duk Juma'a mutum ɗaya ake bari a gidan, sauran su tafi masallaci. Ranar layi ya zo kan Baba.

Yana zaune yana gyaran tsintsiya sai ya ji birai sun yi tsit. Birai ba sa yin shiru. Ya ɗaga kai. Hayaƙi ne ta bayan katanga. Wasu marasa tsoron Allah ne masu farautar gafiya suka cinna wa ciyawa wuta, suka ga ta fi ƙarfinsu, suka ranta a na kare. Allah ya isa, har gobe ban yafe musu ba. Saboda gafiya!

Kafin ya miƙe wutar ta tsallako katanga ta kama rumbun harawa. Rumbun kuwa jingine yake da kejin Kyalla.

Ya kira shugabansu, waya a kashe. Ya kira likita, a kashe. Kowa na sahu. Ya samu 'yan kwana-kwana, suka ce ga su nan, amma an tare titi ana sallah. Ya yi ihu. Babu kowa sai kura da ta amsa masa.

Ya ruga da makulli ya buɗe kejin, ya wangale ƙofa.

"Kyalla! Fito! Zo nan, 'yar albarka!"

Ba ta fito ba. Ku ba ku san dabba ba: in ta firgita, ba waje take nema ba, lungun da ta saba kwana take komawa. Lungun nata kuwa shi ne ta wajen rumbun. Ta ja da baya ta manne da wayar kejin, ido ya yi fari, ciki na rawa.

Ya ɗauko bokitin dusa yana kaɗawa. Ko kallo. Ya jefa mata igiya a wuya ya ja. Sai ta durƙusa a kan gwiwa. Haka gwanki ke yi in zai yi faɗan mutuwa. Ta kaɗa kai sau ɗaya, ƙahon ya tsarge masa hannu daga nan har nan. Kun sha ganin tabon. Dabbar da ya shayar da hannunsa, yau ba ta san shi ba.

Ya faɗi. Ya tashi. Ya sake kamo igiyar, jini na zuba. Yana kuka, ƙaton mutum, yana roƙon dabba.

"Don Allah, Kyalla. Don Annabi. Na kashe uwarki, kar ki sa in kashe ki."

Sai aka ce, "Ba za ta bi ka ba."

Bishir, sauke ƙafarka daga kaina.

Mutum ne tsaye a bakin kejin. Dogo, siriri, da malafa da sanda a wuya irin ta makiyaya, ya rataya hannuwa a kanta. A gaban Baba yake tsaye, amma muryar ta bayan kunnensa take fitowa. Baba ya waiga. Ba kowa. Ya juyo. Mutumin na nan.

"Bawan Allah, kama min igiyar nan!"

Bai motsa ba. Tartsatsi na sauka a kan malafarsa yana mutuwa. Baba na tari kamar ransa zai fita, shi ko ƙifta ido bai yi ba. Sai iska ta ɗaga bakin rigarsa.

Kofato ne. Rababbe biyu, irin na Kyalla sak. Kuma a kan garwashi yake tsaye.

Baba ya fara a'uziyya.

"Karanta," in ji mutumin. "Ni ma ina karantawa. Ba cutar ka na zo yi ba."

"Wane ne kai?"

"Mai ita."

Maharba sun san wannan. Duk naman daji yana da makiyayinsa a cikin mutanen ɓoye, kamar yadda shanu ke da nasu. Baba ya sha ji a bakin iyayen gidansa. Bai taɓa zaton zai gani da ido ba.

"Garkena ya fi ɗari uku," in ji shi. "Ka san inda wasu suka tafi, Nomau."

Baba ya sunkuyar da kai. Rufin rumbun ya rufta, zafi ya daki fuskarsa. Ya zube a gaban kofaton nan.

"Na sani. Yi min duk abin da za ka yi min. Amma ɗauke ta. Taka ce. Ga ƙofa a buɗe, tafi da ita!"

"In kai ta ina?"

"Daji!"

"Wane dajin?"

Mutumin ya ci gaba.

"Na bi sawunka ranar da ka saɓo ta. Na ce zan sace ta in mayar. Da na koma duba wurin da zan ajiye ta, na tarar an sare gidana ana buhunta shi. Nan na dawo. Ka ga tsamiyar can bayan keji? Shekara shida a cikinta nake. A duk ƙasar nan, cikin katangar nan ce kaɗai ba a sa wa itace gatari, ba a ɗana wa dabba tarko. Da ina ƙin wayar nan kamar me. Yanzu ni ma ita ta rufa min asiri."

Baba ya duba. Tsamiyar ta kama, tun daga gindi.

"To kira ta mana! Ba kai ne makiyayinta ba?"

Nan ne muryar ta karye. Aljani, Ummita, muryarsa na rawa.

"Kullum sai na kira ta. Ba ta taɓa ɗaga kai ba. A hannunka ta buɗe ido, muryarka kaɗai ta sani. Kiran yana wurina, muryar tana wurinka."

Gashin bayan Kyalla ya fara ƙauri. Ta yi wani irin nishi.

"Koya min!"

"Ba a koyon sa. Sai dai in saka maka a baki. In ya shiga kuwa, maganarka za ta fita. Ba za ta dawo ba."

"Har yaushe?"

"Har kabari."

Baba ya dubi ƙofa. A buɗe take. Taku goma ya fita, ba wanda zai ce ya yi laifi, ga hannu a tsarge shaida. Yana da mata. Yana da ni, ga Inna da goyon Sadiya ko "Baba" ba ta iya faɗa ba. Ya dubi cikin Kyalla. Ya ga abin da ke ciki ya motsa.

"Saka."

"In kana da abin faɗa, faɗi yanzu."

Ya faɗi kalma ɗaya. Sannan ya buɗe baki.

Mutumin ya sunkuyo ya hura masa iska. Sanyi, kamar ruwan randa, a tsakiyar wutar nan. Ya bi ta maƙogwaro ya sauka har ƙirji.

Baba ya miƙe ya yi kira.

Ba zan iya kwaikwaya muku ba, kar ma ku ce in gwada. Ba fito ba ne, ba kuka ba ne. Kura ta yi shiru. Kyalla ta ɗaga kai. Ta tashi daga gwiwa. Ta tako a hankali, ta ratsa hayaƙi, ta zo ta sa hancinta a tafin hannunsa. Ya juya ya fita, tana biye, ba igiya ba komai, har bakin tafkin kada inda babu ciyawa.

Da ya waiga, tsamiyar ta zama wuta tun daga ƙasa har sama. Mutumin na tsaye a gindinta da sandarsa, yana kallon su. Sai reshe ya faɗo tsakani.

'Yan kwana-kwana sun iso bayan an sallame. Jiminai biyu sun ƙone, da barewa huɗu, da tsohon kunkurun da ya girmi kakanmu. Suka tarar da Baba zaune a bakin ruwa, gwanki ta ɗora kai a cinyarsa. Shugabansu na ta tambaya, "Malam Nomau, yaya aka yi? Malam Nomau, yi magana mana!" Ya buɗe baki. Iska kawai.

A asibiti suka ce hayaƙi ne ya ƙona masa maƙogwaro, zai warware. Shekara goma sha bakwai ke nan. Haka kuka taso kuka gan shi, kuna ce masa Kawu mai nuni.

Na'am, Bishir? Ta yaya na sani tunda ba ya magana? Ka ga wayo. Da ajami ya rubuta min, a bayan takardun awon abincin dabbobi, shekarar da na gama sakandare. Suna cikin akwatina. In ka iya karatun ajami gobe in ba ka, in ba ka iya ba ka rufe min baki.

Da na karanta na tambaye shi, kalmar nan ɗaya da ka faɗa, mece ce? Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ja takarda ya rubuta: Lantana.

Ni kuwa a lokacin ina tsakar gida ina carafke. Ban ji ba. Wallahi ban ji komai ba.

Bar ni, Ummita. Hayaƙin maganin sauron nan ne.

Kwana tara bayan gobarar Kyalla ta haihu. Namiji. Daga baya aka aro mata biyu daga wani gidan zu na wata ƙasa mai nisa, aka haɗa. Yau gwanki goma sha ɗaya ne a wurin. Har ana maganar za a kai huɗu gandun dajin da aka killace, a sake su, in an samu masu gadi na kirki. Shi ya sa raina ke ɓaci ranar sallah, in ga mutane sun cika gidan suna jifan su da ledar ruwa, wani ƙato na cewa, "Wannan ai jaki ne mai ƙaho, ina zaki?" Sai in ji kamar in shaƙe shi. Bai san abin da aka bayar ba kafin ya samu abin jifa.

Ku tambaye ni ko na yarda da abin da Baba ya yi. Ban sani ba. Wata rana in ce ya kyauta. Wata rana in ce dabba ce fa, dabba, ya zaɓa ya bar mu. Ranar ɗaurin aurena da gyaɗa kai ya amsa wa wakilin ango. Sadiya ba ta san muryarsa ba sam.

Yanzu ku saurara, don gobe za a kai ku gidan. Akwai 'yar hanya da ta bi ta bayan kejin gwanki, inda baƙin kututturen tsamiya yake. Kar wanda ya bi ta shi kaɗai, balle rana na tsaka. Ba gwanki kaɗai mutumin nan yake kiwo ba. Masu shara sun ce suna ganin sawun kofato daga kututturen zuwa kejin jimina, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Jimina ɗaya ta rage. Yana da sauran kira a bakinsa, kuma bai samu wanda zai ba ba. In wani ya yi muku sallama kuka ji ta ta bayan kunne, kar ku amsa, kar ku buɗe baki. Ku dawo inda mutane suke.

Amma in la'asar ta yi sanyi, ku same ni a gaban kejin, ta wajen da kowa ke tsayawa. Lokacin ne Baba ke shigowa da bokiti ya yi kiran, su taso su goma sha ɗaya su kewaye shi. Kullum in na tashi daga aiki can nake biyawa. In kama wayar kejin in tsaya tare da 'yan kallo.

Nan kaɗai nake jin muryar ubana.