Tayoyin Koriyar Motar Malam Sambo

Ruwan Agusta ya ɗauke ke nan, kwalta na ƙyalli, Nazifi yana zaune a bakin shagonsa na tayoyi a Kurmin Mashi, sai ya hango wata mota da bai taɓa ganin irinta ba. Koriya ce, gajera, mai kujeru biyu, ba ta da rufi, fitilunta kamar idon kwaɗo. Ta shawo kwana a hankali, sai bayanta ya zame, ta yi juyi, ta tsaya tana fuskantar inda ta fito.

Ya ruga yana salati. Budurwa ce a ciki, hannayenta a kan sitiyari, gyalenta ya jiƙe. Ya zaci kuka zai tarar, sai ya ga ta leƙo tana duban ƙafar baya.

"Malam, me ya sa ta yi haka? Ba gudu nake ba fa."

"Ba ki ji ciwo ba dai?"

"Lafiyata ƙalau. Tambayarka na yi."

Ya durƙusa ya danna farce a jikin tayar. "Zanenta bai cinye ba, amma robar ta bushe, ta zama kamar katako. Taya tana tsufa ko ba a hawa. Wai wannan motar daga wace ƙasa aka kawo ta?"

"Daga Fanteka," ta ce tana dariya.

Hafiza ke nan, 'yar Unguwar Dosa. Mahaifinta Malam Sambo, tsohon mai gyaran jikin mota a Fanteka, kasuwar maƙera, shi ya ƙera motar da hannunsa. Ƙashin tsohuwar mota ƙirar Bitil ya samo, ya yi mata jiki da faiba, wato wata roba mai ƙarfi, yana kwaikwayon wata motar tsere ta zamanin da, da ya gani a kalanda. Da idonsa ya yi rauni sai tuƙi ya dawo hannun Hafiza, don ita kaɗai ce cikin 'ya'yansa ta damu da motar.

"To wace taya ce za ta dace da ita?" ta tambaya.

Nazifi ya zagaya motar, ya ga injin a baya yake, gaban kuma ba nauyi. Ya sosa ƙeya.

"Gaskiya ban sani ba. Motocin gida na sani da na haya. Amma wallahi ina so in sani."

Ta ɗago ta dube shi sosai, karo na farko.

Tun daga nan suka mayar da Asabar ranar gwaji. Akwai wata kwalta bayan Rigachikun da ke shiga gonaki, ba a cika bin ta ba. Nazifi kan lodo tayoyi da jak a keke, Hafiza ta zo da mahaifiyarta, Umma Harira, wadda ta ce ba za a kai mata 'ya daji ba da idonta ba. Umma ta shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa tana cin gasasshiyar masara. Hafiza ta taho da gudu, ta taka birki daidai bishiyar, Nazifi ya ajiye dutse a inda ta tsaya. In an yi ruwa kuwa, murna suke, su sake gwadawa a jiƙaƙƙiyar kwalta.

Sabbin tayoyi masu araha za su daɗe ba su cinye ba, amma da sun ga ruwa sai ƙara da santsi. 'Yan Beljiyam, tsofaffin da ake kawowa daga waje, sun kama ƙasa, sai dai da Nazifi ya leƙa cikin ɗaya ya ga tsohon faci, ya jefar da ita gefe. Na ukun sababbi ne, sirara, masu laushin roba, kuɗinsu tsaka-tsaki. Da su motar ta tsaya tun kafin duwatsun sauran.

Bayan magariba saƙo ya shigo wayarta:

"Direbata, yau dutsenki ya matso kusa da ɗorawa. Ni kuma tun ranar da kika juya a ƙofar shagona na taka birki, har yau ban tsaya ba."

Ta mayar masa: "Mai Taya, ashe kai ma robarka ta bushe. Me ya sa siririya ta fi kama ƙasa a cikin ruwa? Ka ba ni amsa kafin ka yi mini zancen zuciya."

"Ina jin tana yanka ruwan ne kamar wuƙa. Ban tabbata ba. Mu gwada Asabar, Sarauniyar Kwana."

Ranar da Umma ta kai wa Malam Sambo maganar Nazifi na son Hafiza, sai fuskarsa ta canza.

"Mai sayar da taya? A gidana?"

Ya ɗage wandonsa ya nuna tabon da ke ƙaurinsa. Tun yana matashi wani ya sayar masa da tayar da ta cinye, aka sake yanka mata zane da wuƙa, aka shafe ta da baƙin mai. A hanyar Zariya ta fashe. Shi ya tashi da ɗingishi, abokinsa da ke gefe bai tashi ba.

"Duk bakinsu ɗaya," ya ce. "Su yaba kayansu, su kushe na wani. Kada ya sake taɓa mini mota, balle 'ya."

Hafiza ta yi kuka a ɗaki. Ana cikin haka sai ga Jibrin, ɗan yayan Malam Sambo, dillalin motoci a Kano, wanda ya daɗe yana son ta. Ya ji labarin zamewar, ya zo da kyautar tayoyi huɗu masu faɗi, 'yan waje, irin na motocin tsere na gaske.

Hafiza ta ce, "Baba, alfarma ɗaya nake roƙo. A gwada na Yaya Jibrin da na Nazifi, kana zaune a gefena."

Tsohon ya juyo wajenta. Shi ma dai maƙeri ne, son sani bai bar shi ba. "A gwada," ya ce.

Asabar ɗin an yi yayyafi da safe. Aka fara da sirara, motar ta tsaya cak, Nazifi ya ajiye dutse. Ya kwance su da hannunsa, ya ɗaura na Jibrin. Hafiza ta taho, ta taka birki, har hular Malam Sambo ta faɗo kan cinyarsa.

Daga cikin mota ba a gane bambanci, idon tsohon kuma ba ya hango dutse.

"Kai yaro," ya ce, "wanne ya fi?"

Hafiza ta kafe Nazifi da ido. Ya dubi dutsen, ya dubi ƙafar motar.

"Na Alhaji Jibrin sun fi kama ƙasa, Baba. Ba da nisa ba, amma sun fi. Na zaci faɗinsu zai sa su yi iyo a kan ruwa, ashe robarsu ta fi tawa kyau."

Jibrin ya yi murmushi yana kaɗa makulli. Hafiza ta tayar da mota ba ta ko yi sallama ba.

Da yamma ta rubuta: "Ashe da hannunka za ka miƙa ni? In ka gaji ne ka faɗa."

Ya amsa: "Na ji an ce an kusa sa muku rana. Ban ga amfanin in tsaya miki a hanya ba."

Ba ta mayar ba. Shi ma bai sake rubuta mata ba, ya rame, har maƙwabcinsa mai faci ya fara tambayarsa ko zazzaɓi ne.

Ita kuwa tana ta fama da sababbin tayoyin. Sitiyari ya yi nauyi, sai ta sa ƙarfi kafin ta sha kwana, in ta shiga rami kuma tayar ta goga jikin faiba. Ta faɗa wa Jibrin da ya zo zance.

"Kada ki damu," ya ce. "In mun yi aure a gaban shagona za a girke ta, mutane su riƙa ɗaukar hoto. Ke da tuƙi ai an gama."

Ta miƙe ta kwashe kofunan shayi tun bai sha rabi ba.

Wata safiya Nazifi yana jera kaya sai ya ga Malam Sambo ya sauko daga keke, yana dogara sanda. Ya yi sauri ya ba shi benci, ya durƙusa.

"Ka san ba na gani," tsohon ya ce. "Da ka ce naka sun fi, da wa zai ƙaryata ka? Jibrin waya yake yi a lokacin."

"Baba, ita ce za ta shiga motar. Ranar da wani yaro zai gifta mata, wannan ɗan bambancin shi ne komai."

"To ga shi suna cinye mini faiba, kuɗinsu kuma ya sayi irin naka sau uku."

"Haka ne. In ni ne, sirara zan sa, in rage gudu a damina. Amma ba wannan ka tambaye ni ba ran nan."

Malam Sambo ya dafa sandarsa ya miƙe. "Ba a sa ranar kowa ba. Ka zo ka mayar mata da sirara. In ka gama, ka turo manyanka."

Kafin tsohon ya kai titi, Nazifi ya rubuta: "Direbata, na yi wauta, na saurari jita-jita. Ki yafe wa Mai Taya."

"Na yafe. Amma ka zo da jak, hannuna ya gaji da wannan sitiyarin."

Jibrin ya karɓi tayoyinsa ba tare da rigima ba, har ya zo ɗaurin aure da tawagarsa daga Kano. Bayan Sallah aka ɗaura, a masallacin unguwa, Fanteka kaf ta hallara.

Da ango da amarya suka zo gaishe da iyaye, Malam Sambo ya dafa kawunansu.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman gaskiya da zuri'a ɗayyiba. Motar kuma na ba ki, Hafiza, halak malak."

Suka ce amin, Hafiza tana share hawaye.

"Sai dai yanzu ki kai ni in sha iska," in ji tsohon.

Nazifi ya buɗe masa ƙofa, ya gyara masa babbar riga. Sai da motar ta tashi ya tuna kujeru biyu ne. Ya tsaya a ƙofar gida da sabuwar shaddarsa, yana kallon amaryarsa ta sha kwana da surukinsa, tsohon ya dafe hula yana dariya.

Umma Harira ta turo masa kujera da kwanon fura.

"Zauna, ɗana. In waɗannan biyun suka fita, sai la'asar. Allah Ya bar ku tare."