Inda Zaiba Ta Sauka

Ranar Talata da hantsi Nata'ala, mai haƙar zinare a bayan Faskari, ya shigo caji ofis yana tari. Ya ce an sace curin da suka kwashe wata biyu suna tarawa, zinare cakuɗe da zaiba, kuma ba kowa ya ɗauka ba sai abokin raminsa, Lawwali.

Kafin azahar Lawwali na bayan kanta. Jibi za a kai shi kotu.

"Yallaɓai, ni da rabi nawa ne, mi zan sata?" in ji Lawwali.

Sufeto Gide, mai binciken ƙarar, ya fita. Ya je wurin wani tsohon maƙeri ya tambaye shi yadda ake raba zinare da zaiba.

"Wuta. Ka gasa curin, zaiba ta tashi ta bar ma zinare," in ji maƙerin. "Amma ba ta ɓata. Duk inda ta samu sanyi nan take sauka, siririya kamar numfashi bisa madubi. Hayaƙinta guba ne ga ƙirji, shi ya sa muke gasawa a fili, iska na bayanmu."

Sufeto ya daɗe yana kallon garwashin. Ɓarawo dai ba zai gasa a fili ba.

A ɗakin Lawwali bai ga komai ba. A gidan Nata'ala kuwa tun daga zaure ya ji faɗa. Mansura, matar Nata'ala, na tsaye a kansa cikin ɗaki riƙe da 'yan kunne.

"Yallaɓai, duba jabun da ya sawo mani! Wai zinaren Makka. Kwana biyu na yi Daudawa wajen ta'aziyya, na bar su bisa kabad, na dawo sun yi fari fat!"

Sufeto ya juya su. Gefen da ke kallon sama ya yi fari, wanda ya kwanta a katako yana nan ja. An cusa tsumma a ramin taga, tsakiyar daɓen kuma da tabon gawayi.

"Malam Nata'ala, yaushe ka fara wannan tarin?"

"Sanyi ne."

"A watan bazara?"

Nata'ala ya zauna a bakin gado. Ya ce zinaren na cikin buhun gero. Wai sharrin Shaiɗan ne.

Da aka sa masa ankwa, Mansura ta biyo su zaure.

"To na gaske ne ke nan?"

"Na gaske ne, Hajiya. Zaibar da ya gasa ce ta sauka bisansu. Buɗe tagar ɗakin, kada kowa ya kwana ciki," in ji Sufeto. Ya aika kurtu ya buɗe wa Lawwali.