Ruwan Lagireto a Gindin Gawo

Ku matso kusa, don ba zan ɗaga murya ba. Kai Nafi'u, in ka san fitsarin kwance za ka yi mana, tashi tun yanzu ka bi innarka ɗaki. To, shi ke nan. Wannan ba tatsuniya ba ce. Labarin Sallau bakanike ne, mai gareji a gindin gawon nan na bakin tsohuwar hanyar Fasa-Dutse.

Sallau gwani ne a aikin inji, sai dai akwai saurin fushi. 'Yarsa ɗaya tak a duniya, Hansatu, lokacin ba ta fi ka girma ba, Nafi'u. Shi da matarsa Indo sun daɗe suna nema kafin Allah ya ba su ita, saboda haka ko ƙuda ba ya son ya sauka a kanta.

Ranar da abin ya faru, wani direban bas ne ya ɓata masa rai. Motarsa ta yi zafi, ya kawo yana ta masifa wai a gama masa yanzu-yanzu. Suka yi cacar baki, direban ya tafi yana ƙunƙuni. Rana ta faɗi, almuru ya kawo jiki, kowa ya watse. Sallau ya tare ruwan lagireto a bokiti, yana tururi, ya ɗauka ya sheƙa a gindin gawo. Bai ce bismillah ba. Ko ku yara kun san ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa haka kawai, balle da almuru. Shi ma ya sani sarai. Fushi ne ya rufe masa ido.

Sai ya ji wata 'yar ƙara, siririya, kamar ta ɗan kyanwa. Ya duba, bai ga komai ba. Ƙasa ce kawai take hayaƙi.

Bai gama wanke hannu ba wayarsa ta yi kuka. Indo ce. Da ƙyar ya gane abin da take faɗa. Wai Hansatu tana zaune a tsakar gida tana cin tuwo, sai ta ƙwala ihu ta faɗi. Fatar bayanta da ta hannunta na dama duk ta saluɓe, ga shi babu wuta kusa da ita. Sallau ya ruga wajen babur ɗinsa.

Wata mota ce ta tare masa hanya. Bai ji zuwanta ba. Tsohuwa ce, baƙa, irin wadda bai taɓa gani ba duk daɗewarsa a kanikanci. Injinta a kashe, amma tana tafiya a hankali, kuma ba mai turawa. Ta tsaya daidai gabansa. Wani dogon mutum ya fito, farar rigarsa tana jan ƙasa. Da ya tako, sai Sallau ya ji ƙwas, ƙwas, irin takun jaki a kan tsandauri.

"Sallau ɗan Mairo," in ji mutumin.

Ba wanda ya san sunan uwarsa a garin nan. Abin da ya fi tayar masa da hankali kuma, mutumin yana tsaye a gabansa, amma muryar daga bayan ƙeyarsa take fitowa.

Sallau ya ce ya yi haƙuri, ranka ya daɗe, ya tashi daga aiki, 'yarsa ba lafiya.

"Na sani. Ɗana ka ƙona. Yana wasa a gindin bishiya ka zuba masa. Abin da ya same shi, shi ya sami taka. In ya ga safiya, ita ma za ta gani."

Daga kujerar baya Sallau ya sake jin 'yar ƙarar nan. Bai yarda ya leƙa ba. Mutumin ya ce akwai wata tsohuwa a cikin dutse da ta san maganin ƙuna, can za su kai yaron, amma sarƙar injin motar ta saki. Kar ka tambaye ni abin da aljani yake yi da mota, Nafi'u, ga bakinka nan a buɗe. An ce yaron ba ya ɗaukuwa a iska, don iska za ta ƙarasa yage masa fata.

Ku tsaya in gaya muku mene ne sarƙar nan. A cikin inji akwai ƙarfen ƙasa mai juya fistin, akwai na sama mai buɗe bawul. Sarƙa ce take haɗa su, irin ta keke amma ta fi kauri, tana zagaye da wasu fayafai masu haƙora. Dole su tafi tare. In sarƙar ta tsallake haƙori, fistin zai daki bawul, inji ya tashi daga aiki. Canza ta kuwa aikin yini ne, ba na tsaye-tsaye ba.

Mutumin ya miƙo masa sabuwar sarƙa da sababbin fayafai, a naɗe cikin wata tsohuwar fata. Sanyinsu kamar yanzu aka ciro su daga rijiya. Sallau ya buɗe gaban mota. Babu warin baƙin mai. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya buso.

Ya hau aiki. Ya kwance murfin gaban injin. Kullum a cikin gwangwani yake tara notuna, amma ranar ko gwangwanin bai tuna da shi ba. Wasu ya jera a kan mota, wasu ya jefa a aljihu. Ya ciro tsohuwar sarƙa, ta yi laushi, haƙoran fayafan duk sun cinye. Mutumin yana tsaye a kansa, ba ya numfashi. Can Sallau ya ɗaga kai ya dubi yamma. Jan nan na almuru yana nan inda yake. Bai gusa ba. Babu kiran salla, babu mota ko ɗaya a hanya, ko kukan tsuntsu babu.

Ya ɗaura fayafan. Kowane faifai yana da alamarsa, 'yar ɗigo, ita ma sarƙar tana da tata. Ya daidaita su alama kan alama, yana kanne ido don duhu. Ya ɗaura ƙarfen da sarƙar ke bi ta jikinsa, ya sa mai tsuke ta. Ya kama sifana ya juya injin da hannu, a hankali, yana saurare. Ba inda ya cije. Kukan yaron kuwa sai ƙara ƙasa yake yi.

"Yi sauri," in ji muryar a bayan ƙeyarsa.

Ya yi saurin. Ya mai da murfi, ya ɗaure, ya rufe. Mutumin ya shiga, injin ya tashi sumul. Motar ta kama tsohuwar hanyar Fasa-Dutse, babu fitila. Tana ɓacewa, duhu ya rufto gaba ɗaya, sai ga kiran sallar isha'i daga cikin gari.

Sallau ya zube a ƙasa yana godiya ga Allah. Ya sa hannu a aljihu don ya kira Indo. Sai ya taɓa wani abu mai sanyi. Noti ne. Guda ɗaya. Ya juya shi a hasken waya, nan take ya gane shi, na ƙarfen nan ne da sarƙar ke bi. Su makanikai sun saba, in an gama aiki noti ya rage, sai a yi dariya a jefar, a ce ai mota ta tashi. Sallau bai yi dariya ba. Ya san ƙarfen zai goce, sarƙar za ta tsallake, kuma ba da jimawa ba. Wani irin tsoro ya kama shi wanda bai taɓa ji ba.

Gida yana hagu, dutse yana dama. Indo tana ta kira, wayar tana kuka a hannunsa. Wallahi ni da ni ne ban san ina zan bi ba. Shi dai ya buga babur ya ƙi tashi, sai ya bar shi nan, ya bi hanyar dutse a guje, shi kaɗai.

Bai kai rabin hanya ba ya tarar da motar a tsaye. Tun daga nesa ya san aikin gama ya gama. Dogon mutumin yana jingine da ita. Sallau ya durƙusa, ya buɗe tafin hannunsa, ya nuna masa notin. Ya ce laifinsa ne, a kashe shi a bar yarinyar.

"Ranka ba zai warkar da ɗana ba," in ji mutumin. "Mu hannunmu wuta ne, in na taɓa shi ƙunar ƙaruwa za ta yi. Kai jikinka ƙasa ne. Goya shi."

Sallau ya buɗe ƙofar baya, ya juya, ya tsuguna. Wasu 'yan hannuwa suka zagayo wuyansa. Bai waiwaya ba. Da farko yaron ba nauyi, ko kaza ta fi shi. Amma zafi, ya Salam. Rigarsa ta fara ƙauri. Ya miƙe ya kama tafiya, ƙwas, ƙwas na biye da shi a baya. Ana tafiya nauyi yana ƙaruwa, har ya koma kamar buhun gero. Ya faɗi a kan gwiwa, ya tashi. Ya sake faɗuwa. Yaron ya kwantar da kai a kafaɗarsa yana nishi, kuma nishin, an ce, sak irin na Hansatu in zazzaɓi ya kama ta. Sallau ya dinga lallashinsa yana hawaye, yana cewa yi haƙuri ɗana, mun kusa.

A gindin dutse akwai wata tsaga da ko akuya ba ta shiga. Wasu hannuwa masu yamutsattsiyar fata suka fito daga ciki, suka ɗauke yaron. Da Sallau ya juya, ba mutumin, ba kowa. Muryar ce kawai ta rage a bayan ƙeyarsa.

"Tafi gida. An ƙulla su, ba a kwancewa. Muddin yana raye, tana raye."

Da rarrafe ya iso gida, fatar bayansa a toye. Ya tarar da Indo da maƙwabta sun zagaye yarinyar, ba ta motsi. Ya zauna ya riƙe ƙafarta. Gari yana wayewa ta buɗe ido ta ce a ba ta ruwa.

Ta rayu. Ita ce Hansatu mai ƙosai da kuke zuwa saye da safe, gobe ku dubi hannunta na dama. Amma ba a gama ba. Wani lokaci tana zaune lafiya lau sai ta kwanta ciwo, likita ya duba bai ga komai ba. Sallau ya san wane ne ba lafiya, kuma ba shi da hanyar zuwa dubiya. Ya tsufa yanzu, bayansa ya ranƙwafa. In kun zauna kusa da shi a masallaci za ku ji. Kowa ya san 'ya ɗaya gare shi, amma in ya ɗaga hannu, yara biyu yake roƙa wa tsawon rai.

Hanyar Fasa-Dutse kuwa, kar in ji, kar in gani. Ko da rana tsaka aka aike ku, kada ɗayanku ya bi ta shi kaɗai. Nafi'u, sakar mini riga, ku tashi mu shiga ciki.