Zaren da Ya Ƙi Ɗaukar Wuta

Da safiyar Litinin aka jona sabon zaren a na'urar gwaji, fitila ta ƙi kamawa. Zaren da ake saƙa rigar auna bugun zuciya da shi ne, a wata ƙaramar masana'anta a birnin Geelong, inda watan Janairu ne tsakiyar lokacin zafi. Da aka duba baƙin garin da ake damawa cikin narkakkiyar roba don zaren ya ɗauki wutar lantarki, gari mai tsadar gaske, ashe an kwashe rabinsa an cike da baƙin rini.

Ido ya koma kan Malakai Taufa, mai dama haɗin. In aka kore shi takardar izinin zamansa ta mutu, sai komawa ƙasarsu Tonga da shi da 'ya'yansa.

Sajan Narelle Pappas, 'yar sandan da ke binciken, kuwa ko inuwarta ba ta yarda da ita ba. Ta fara da Malakai.

"Ka dama ranar Juma'a, ba ka lura ba?"

"Wallahi Sajan, abin ya ɗaure min kai. Garin nan ne ke ba haɗin kauri. In ya yi kaɗan haɗin zai tsinke, zare ya yi ta katsewa."

"Ya katse?"

"Ko sau ɗaya."

"Me kuma ke sa kauri?"

"Sanyi."

Ta kira Thuy, mai naɗe zare, ta tsare ta da ido.

"Juma'a? Wayyo! Waje zafin Janairu kamar ya gasa mutum, ɗakin kuwa firji. Da gajeren wando na zo, haƙorana har haɗuwa suke. Abokin aikinmu Des ya ce na'urar sanyi ce ta haukace."

"Shi bai ji sanyin ba?"

"Shi da ke cikin jibgegiyar rigar sanyi?"

Des Harrigan, mai jan zare, ya shigo yana murmushi. Sajan ba ta ba shi kujera ba.

"Ka san haɗin zai tsinke asiri ya tonu, sai ka ƙure sanyi ya yi kauri. Na'ura ba ta sanar da ranar haukarta, malam. Wa ke fitowa da rigar sanyi a wannan zafin, in ba wanda ya shirya sanyin ba?"

"A nan nake ajiye ta."

"Ƙarya ne, Des," in ji Malakai daga bakin ƙofa. Baƙin ciki ya fi murnar kuɓutarsa yawa. "A motata na ɗauko ka daga gida. Har dariyar rigar na yi maka, kai ma kana taya ni."