Shebur a Kan Jinga

Ranar da Inke ta fara ganin Reimer, ma'aikacin gwamnati mai kula da jinga, yana tsaye cikin taɓo har gwiwa a bayan jingar da ke tare teku, yana kafa turaku yana cusa rassan itace a tsakaninsu. Ita kuwa ta hau jingar ne neman wata tunkiyar babanta da ta ɓalle. Ya ɗago ya tambaye ta ko tunkiyar ce ta zo duba aikinsa. Kunya ta hana ta amsa, sai da ta juya ta ce ƙasa-ƙasa, "Sannu da aiki, Sarkin Taɓo."

Sunan ya bi shi. Shi kuma ya raɗa mata Tsuntsuwa, wai ko motsi mutum ya yi sai ta tashi. Daga nan soyayya ta ƙullu a tsakaninsu.

Ya gaya mata turakun suna kama laka ne, lakar ta taru, ciyawar gishiri ta fito, ita ce za ta riƙa karya ƙarfin igiyar ruwa. Abin da bai faɗa ba, sai da ta gani da idonta. Wata safiya ta tarar da shi yana jera jajayen tutoci a gonar babanta. An yi sabuwar doka: za a fasa tsohuwar jinga, a bar wa teku gonar ta zama fadama, sabuwar jinga kuma ta tsaya daf da gidansu.

Ta yi kwanaki ba ta ɗaga wayarsa. Sai saƙo ya shigo:

"Tsuntsuwata, ba don gonarku na zo gare ki ba. Tsoro ne ya ɗaure mini baki. Amma ki je ki taɓa gindin jingar ta ɓangarenku."

Ta je. Ƙasar a jiƙe take, alhali an jima ba a yi ruwan sama ba. Ta ɗanɗana yatsarta, ta ji gishiri.

Da Reimer ya nemi aurenta, babanta Okke ya ce ko gawarsa ba za ta ga wannan aure ba. Kakansa ne ya ƙwato gonar daga bakin teku, yanzu kuma yaron gwamnati zai mayar da ita, har ya haɗa da 'yarsa? Wanda yake so ya ba ta shi ne Nis maƙwabcinsu, mai shanu da manyan motocin noma, wanda kullum yake cika baki a wurin shan shayi cewa shi zai tsare gonar.

Lokacin kaka ya shigo da iska mai nauyi. Tumaki suka daina hawa jingar. Ranar Lahadi bayan coci, Okke ya saɓa shebur, jama'a na biye da shi, ya soke shi a tsakiyar jingar. Kowa ya san ma'anar. Tun zamanin kakanni, wanda jinga ta fi ƙarfinsa haka yake yi, duk wanda ya zare shebur ɗin kuwa, gona tasa, nauyin teku ma nasa.

"To, ga shi nan," in ji Okke. "Ina mazan?"

Nis ya dubi ruwan da ya yi baƙi, ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa. Reimer ya taka zai matsa, Okke ya ce wanda ya zo nutsar da gona ba shi da hannun taɓa shebur ɗin.

Inke ba ta san lokacin da ƙafafunta suka kai ta ba. Ta kama ƙotar da hannu biyu, ta ja, shebur ya fito yana ɗigar da ruwa daga inda bai kamata a sami ruwa ba. Kowa ya gani.

"Baba," ta ce, "gona tawa ce yanzu. Gara mu buɗe wa teku ƙofa da rana tsaka, da ya zo ya buɗe da kansa."

Okke ya daɗe yana kallon jiƙaƙƙen ƙarfen. Da ya buɗe baki, Reimer ya fuskanta. Ya ce ya ba shi Inke, amma da sharaɗi: mai cewa ciyawa za ta tare teku, shi zai zauna a gidan farko da ke bayan sabuwar jingar, a ɗakin ƙasa, har ƙarshen ransa.

"Na karɓa, Baba," in ji Reimer.

Da yamma ta tura masa: "Sarkin Taɓo, ka tabbata ciyawar nan taka za ta riƙe?"

"Ban rantse ba, Tsuntsuwata. Amma kusa da ƙofa zan riƙa kwana."

An ɗaura auren mako guda bayan an fasa jingar. Da suka fito daga coci, ruwa ya riga ya shiga gonar yana lasar jajayen tutocin. Okke ya dafa kawunansu, ya yi musu addu'ar zuri'a mai albarka da busasshen daɓe. Sannan ya miƙa wa ango shebur ɗin, ya ce a jingine shi a bakin ƙofa, inda hannu zai kai da sauri.